Fashin baƙi a kan momiji, bishiyar Japan mai jan ganye: halayenta, ire-irenta, da dalilin da ya sa ba a samunsu daga ƙwayar iri

Duk shekara, da zarar watan Nuwamba ya kama, hotunan wata bishiya mai ganye ja wur sukan cika shafukan sada zumunta, wani lokaci a bakin tafki, wani lokaci a farfajiyar wani tsohon wurin ibada a ƙasar Japan, kuma tambayoyin da ake yi a kanta ba sa canzawa. Wasu suna so su san ko launin na gaske ne ko aikin kwamfuta, wasu suna cewa ai ita ce bishiyar da ke jikin tutar Kanada, wasu kuma da suka ƙura wa ganyen ido sai su ce ya yi kama da na wiwi. Tambayar da ta fi jawo asarar kuɗi ita ce ta masu neman inda za su sayi irinta su shuka a gida, domin 'yan kasuwar intanet sun riga sun tanadar musu amsa: ƙunshin ƙwayoyi masu araha, ɗauke da hoton bishiya ja, ko ruwan hoda, ko ma shuɗiya kamar an tsamo ta daga karofi.

Wanda yake son ya rabe gaskiya da yaudara a wannan batu, abu biyu zai fara riƙewa. Kyawun da ake gani a hoton ya samu ne daga hannun masu lambu da suka shafe sama da shekara 300 suna zaɓe da aurar da rassa, kuma daga sanyin kaka na ƙasashen da suke nesa da tsakiyar duniya. Babu ɗaya daga cikin biyun da yake shiga cikin ƙunshin ƙwayar iri.

Wace bishiya ake nufi?

Sunan da masana tsirrai suka ba ta shi ne Acer palmatum. Kalmar farko sunan dangi ne, dangin da ya ƙunshi jinsi kusan 130 waɗanda masu Ingilishi suke kira maple, ta biyu kuwa daga harshen Latin take, ma'anarta abin da yake da siffar tafin hannu. Wanda ya raɗa sunan likita ne ɗan ƙasar Suwidin, Carl Peter Thunberg, ɗalibin shahararren masanin tsirrai Linnaeus, wanda ya isa Nagasaki a 1775 yana aiki da kamfanin cinikin Holan, a zamanin da Japan ta rufe ƙofarta ga kusan dukkan Turawa. Da yake ba a barin baƙi su wuce ɗan tsibirin Dejima da ke bakin Nagasaki sai da izini, har ciyawar da ake kawo wa dabbobin tsibirin yakan bincika don ya tsinci tsiron da bai sani ba. Sunan ya fito a rubuce a 1784, bishiyar kanta kuwa sai a 1820 ta isa Ingila.

Japanawa suna da sunaye biyu da suka daɗe da su. Kaede ya samo asali ne daga kalmomin da suke nufin hannun kwaɗo, saboda yadda yatsun ganyen suke buɗewa. Momiji kuwa daga tsohuwar kalmar da take nufin sauya launi ya fito, kuma shi ne za a yi amfani da shi a nan, tunda babu wani ɗan wannan dangi da yake fitowa da kansa a kudu da Sahara, balle Hausa ta ba shi suna. Akwai kuma cikakken suna mai daɗin ji, iroha-momiji, wanda ya samu saboda ana ƙirga yatsun ganyen bakwai da haruffan farko na tsohon jerin abacadarsu: i, ro, ha, ni, ho, he, to.

A dazukan Japan da Koriya da wasu sassan ƙasar Sin inda take fitowa da kanta, momiji ƙaramar bishiya ce da take rayuwa a inuwar manya. Tsawonta yakan tsaya tsakanin mita 6 da 10, sau da yawa gindinta yana rabuwa gida biyu ko uku tun daga ƙasa, saiwoyinta sirara ne marasa nitsewa da zurfi. Ganyen yana da faɗin santimita 4 zuwa 12, da yatsu biyar ko bakwai ko tara, kowane da baki kamar zarto. Furanninta ƙanana ne da ba a cika lura da su ba, 'ya'yanta kuma bibbiyu suke zuwa, kowane da fiffike guda, idan sun bushe sai iska ta ɗauke su suna juyawa kamar farfela. Abin da ya fi muhimmanci a sani shi ne ganyen momijin daji kore ne shar a mafi yawan shekara. Jan da ake ɗauka a hoto na 'yan makonni ne kafin ganyen ya zube gaba ɗaya, bishiyar ta tsaya tsirara har hunturu ya wuce, kamar yadda kuka take yi da rani.

A kasuwar furanni akan haɗa wasu jinsi biyu a ƙarƙashin suna ɗaya da ita, wato Acer japonicum da Acer shirasawanum, waɗanda ganyensu ya fi kewaye kuma yatsunsu suka fi yawa, har ake kamanta shi da wata ɗan daren sha huɗu.

Kanada, wiwi da bonsai

Ganyen da ke jikin tutar Kanada, wadda aka fara amfani da ita a 1965, na wannan dangin ne, amma bishiyar da Kanada ta yi suna da ita wata ce daban, Acer saccharum, ƙatuwa da takan wuce mita 25. Ita ake hudawa a ƙarshen hunturu a tari ruwanta a dafa ya zama zuma mai kauri, inda lita kusan 40 ta ruwan take ba da lita ɗaya. Momiji ba a nomanta don wannan, domin ado ne babban aikinta.

Kama da wiwi kuwa ta ido ce kawai, babu dangantaka tsakaninsu kuma babu abin maye a jikin momiji. Ganyen wiwi tarin ƙananan ganyaye ne rarrabe da suka haɗu a kan tsinke ɗaya, na momijin asali kuwa ganye ɗaya ne da yatsunsa suke haɗe a tafi, sannan ita bishiya ce mai itace da takan yi shekara fiye da ɗari, shi kuwa tsiro ne na shekara guda.

Bonsai ma ba sunan wani jinsin bishiya ba ne. Sana'a ce ta renon bishiya a kasko marar zurfi, ana datse rassanta da saiwoyinta ana lanƙwasa ta da waya shekara da shekaru. Momiji tana cikin waɗanda aka fi so a wannan sana'a saboda ƙanƙantar ganyenta, amma idan aka ciro ta daga kaskon aka dasa a ƙasa za ta girma kamar 'yan uwanta. Saboda haka duk wanda yake tallan irin bonsai, irin bishiya ne kawai yake sayarwa.

Daga ina jan yake fitowa?

Ganye yana da sinadarai masu launi iri uku da suka shafi wannan magana. Na farko shi ne koren sinadarin da tsiro yake haɗa abincinsa da shi daga hasken rana. Na biyu rawaya ne, yana nan tun farko amma koren ya rufe shi. Na uku shi ne jan, wanda masana suke kira antosayanin, kuma duk wanda ya taɓa shan zoɓo ya san shi, domin danginsa ne suke rina zoɓo, su ne kuma suke sa sabon tohon mangwaro ya fito ja-ja kafin ya koma kore.

Idan kaka ta zo, yini ya gajarta, dare ya fara sanyi, bishiyar takan rushe koren sinadarin ta janye amfaninsa zuwa rassa, ta fara toshe mahaɗar ganye da reshe. Sukarin da ya maƙale a cikin ganyen shi ne yake komawa jan launi. A Japan ma'aunin da aka saba ambata shi ne launin yakan fara sauyawa idan sanyin dare ya sauka ƙasa da digiri 8 a ma'aunin Salshiyas, ya kuma yi sauri idan ya kai digiri 5 zuwa 6. Shekarar da aka samu rana mai haske da dare mai sanyi da isasshen laima, ja yakan fito sosai. Shekarar da kaka ta yi ɗumi kuwa ganyen yakan yi fatsi-fatsi ya bushe tun bai rine ba.

Wannan ne ya sa launin yake tafiya kamar ayari daga arewa zuwa kudu, daga kan duwatsu zuwa kwari. Yakan fara a duwatsun Daisetsuzan na tsibirin Hokkaido a watan Satumba, ya iso Kiyoto da Tokiyo daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba. Fita kallonsa al'ada ce mai suna momijigari, wato farautar momiji, kuma takan cika wurare irin su Tofuku-ji da Eikando da Arashiyama a Kiyoto, da kwarin Korankei a lardin Aichi mai bishiyoyi kusan 4,000. A Minoo kusa da Osaka har soya ganyen ake yi a cikin ƙullu mai zaƙi bayan an ajiye shi a gishiri kusan shekara guda, a tsibirin Miyajima na Hiroshima kuma ana yin wani ɗan kek mai siffar ganyen da baƙi suke saya tsaraba.

Sai dai akwai ire-iren da ganyensu yake ja tun daga fitowarsa har zubarsa, kuma a nan hannun ɗan Adam ya shigo.

Yadda jinsi ɗaya ya haifi ire-ire fiye da 1,000

Halin da ya bambanta momiji da yawancin bishiyoyi shi ne yawan sauyin kamanni a tsakanin 'ya'yanta. Idan aka shuka ƙwayoyi ɗari daga uwa ɗaya, za a ga wannan ganyensa ya fi tsagewa, wancan ya fi duhu, wani kuma ya ƙi tsawo. Wani lokaci ma reshe ɗaya ne a jikin tsohuwar bishiya yake fitowa da wani launi ko da curin ƙananan rassa masu cunkoso, kuma daga irin wannan curi aka samo da yawa daga cikin gajerun ire-iren da ake sayarwa yau. Mai lambu mai ido yakan ware irin wannan baƙon, ya aurar da reshensa a kan wani gindi, ya jira shekaru ya ga ko halin zai dawwama, sannan ya raɗa masa suna.

Wannan aiki ya bunƙasa a zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1867, lokacin da zaman lafiya ya ba sarakuna da attajirai damar gasar lambuna. A 1710 wani mai renon tsirrai daga gidan Ito Ihei na ƙauyen Somei, wanda yanzu yake cikin Tokiyo, ya lissafa ire-ire 36, kafin ƙarshen ƙarni na 19 kuma adadin ya haura 200. Yaƙin Duniya na Biyu ya yi musu ɓarna, domin an mayar da lambuna gonakin abinci, an kuma sare tsofaffin bishiyoyi don itacen wuta, har wasu ire-iren suka ɓace. Bayan yaƙin, masu lambu a Holan da Ingila da Amurka suka shiga aikin tare da na Japan, kuma wani masani a jihar Oregon ta Amurka, J. D. Vertrees, ya tattara su ya tsara su rukuni-rukuni a littafin da ya fitar a 1978. Yau sunayen sun wuce 1,000.

Ire-iren da abin da ya raba su

Hanya mafi sauƙi ta shiga wannan taro ita ce a fahimci cewa sunayen Japananci bayani suke yi. Beni yana nufin ja, shidare yana nufin mai rassa masu zubowa ƙasa, nishiki sunan wani yadi ne mai ado kuma akan ba da shi ga ganye mai dabbare-dabbare, yatsubusa da hime kuma suna nuna gajarta. Wanda ya riƙe waɗannan biyar zai iya hasashen siffar bishiyar tun bai gan ta ba.

Rukunin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne na masu miƙewa tsaye da ganye ja mai duhu irin ruwan zoɓon da bai sha ruwa ba. Shugabarsu ita ce Bloodgood, wadda ta ɗauki sunan wani tsohon gandun renon tsirrai a jihar New York. Takan kai mita 5 zuwa 6, kuma darajarta ita ce tana riƙe duhun launinta a tsakiyar zafi, lokacin da sauran jajayen suke kodewa su koma kore-kore. Akwai wata mai kama da ita da ake sayarwa da sunan Emperor I, wadda take jinkirin toho kaɗan, abin da yake tsirar da ita daga sanyin ƙarshen hunturu mai ƙona sabon ganye.

Rukuni na biyu shi ne wanda ya fi fitowa a hotuna: masu ganye a tsattsage ƙwarai kamar gashin tsuntsu, waɗanda ba sa miƙewa sama, sai dai su yi tudu kamar laima, rassansu suna zubowa har ƙasa. Crimson Queen da Garnet da Inaba-shidare da Tamukeyama jajaye ne, Viridis da Waterfall kuwa kore ne da suke komawa ruwan zinariya da kaka. Tamukeyama tsohuwa ce ƙwarai, kuma an san ta da ɗan jure zafi fiye da 'yan rukuninta. Seiryu ita ce ta saɓa wa al'adar gidan, domin ganyenta a tsattsage yake amma tsaye take girma. Shahararriyar bishiyar nan ta lambun Japanawa da ke birnin Portland a Amurka, wadda hotonta ya zagaye duniya, 'yar wannan rukuni ce, kuma waɗanda suka je suka gan ta sukan yi mamakin ƙanƙantarta, domin masu hoto a ƙarƙashinta suke durƙusawa su ɗauko karkatattun rassanta daga ciki.

Wasu kuma ba don ganye ake son su ba. Sango-kaku, ma'ana hasumiyar murjani, sabbin rassanta ja ne kamar murjani, kuma sun fi haske da hunturu bayan ganyen ya zube, a lokacin da lambu ya zama babu wani launi. Arakawa ɓawonta ne yake kaushi ya tsattsage kamar na tsohuwar bishiya tun tana da ƙuruciya, shi ya sa masu bonsai suke nemanta.

A ganina, waɗanda suka fi nuna zurfin wannan sana'a su ne masu sauya kaya a cikin shekara. Deshojo takan fito da ganye ja mai ƙyalli a watan Afrilu, ta koma kore da zafi, ta sake rinewa da kaka. Katsura takan fara da ruwan lemo mai jan baki. Osakazuki kuwa kore ce da ba ta jan ido duk tsawon shekara, sai kaka ta yi ta zama ja wur, har masu lambu da yawa suke ɗaukarta a matsayin wadda ta fi kowace jan kaka. Wanda ya dasa Osakazuki ya yarda ya yi jiran wata goma sha ɗaya saboda mako biyu ko uku, kuma wannan haƙurin shi ne ruhin al'adar momijigari tun asali.

Daga nan sai masu dabbare-dabbare irin su Butterfly mai farin baki da Ukigumo, wato gajimare mai yawo, wadda fari da ruwan hoda suke mamaye ganyenta. Waɗannan su ne mafi rauni, saboda farin ɓangaren ganye ba ya haɗa abinci kuma rana tana saurin ƙona shi, sannan sukan fitar da reshe kore tsantsa wanda idan ba a yanke shi ba zai rinjayi sauran. Akwai masu ganye sirara kamar zare, irin su Koto-no-ito, wato tsirkiyar molon Japanawa. Akwai kuma gajeru: Shishigashira, kan zaki, mai ganye a murɗe a cunkushe, Mikawa-yatsubusa da ganyenta yake hawa kan juna kamar jinkar ɗaki, da Kiyohime wadda faɗinta yake fin tsawonta.

A cikin duk wannan taro babu shuɗiya ko ɗaya. Ko sunayen da suke ɗauke da kalmar ao, wadda a Japananci take iya nufin shuɗi, kore suke nufi idan ana maganar ganye.

Me ya sa ƙwaya ba ta maimaita uwa?

Manomin mangwaro ba ya bukatar dogon bayani a nan. Ya san cewa wanda yake son ainihin irin da ya ɗanɗana ba ya dogara da ƙwallon, ɗan aure yake nema, wato reshen wancan irin da aka ɗaura a kan gindin wani. Haka lamarin momiji yake, har ma ya fi tsanani. Kowace Bloodgood ta gaskiya da ke duniya reshe ce daga reshe, har a koma ga bishiya ɗaya tak ta farko. Akan shuka momijin gama-gari a rene ta shekara biyu ko uku, a tsaga gefen gindinta a saka reshen irin da ake so a ɗaure, idan ya kama a yanke kan na ƙasan. Tabon auren yakan kasance a bayyane kusa da gindi, ko kuma a sama idan ana son mai zubowa ta sami tsawo.

Ƙwayar da aka tsinta a ƙarƙashin Bloodgood za ta iya ba da bishiya ja, ko mai ja-ja, ko kore, kuma ko ta fito da kyau ba ta cancanci sunan uwarta ba. Bugu da ƙari, ƙwayar ba ta tsirowa sai ta kwana a cikin sanyi mai laima na kusan wata 3 zuwa 4, shi ya sa masu shukawa suke ajiye ta a firji cikin jiƙaƙƙen yashi, kuma wadda ta daɗe a bushe da wuya take farkawa. Wannan ne ya bayyana bambancin farashi: mai aure tana da tsada saboda aikin hannu ne da shekaru, ga shi yawancinsu ba sa ƙara fiye da santimita 30 zuwa 60 a shekara, gajerun ma ba sa kai haka. Mai sayen ƙwaya ta intanet kuwa, ko da ɗan kasuwar ya yi gaskiya, caca ya saya, idan kuma hoton shuɗi ne to tun farko an yaudare shi.

Inda ra'ayi ya rabu

Masu wannan sana'a ba su yi ittifaƙi a kan yawan sunayen ba. Wani ɓangare yana ganin an yi wa kasuwa ambaliya da sababbin sunaye waɗanda ko gwani ba zai iya rabe su da tsofaffi ba, ga kuma iri ɗaya da ake sayarwa da suna biyu, kamar Sango-kaku da aka daɗe ana kira Senkaki a Turai. Sunan Atropurpureum ma ya zama rumbun da ake zuba kowace jar momiji da aka samu daga ƙwaya. Ɗaya ɓangaren yana cewa ta wannan gwaji ne ake samun masu jure zafi ko sanyi, kuma lokaci da kansa yakan tace su. Na fi karkata ga ɓangaren farko, domin wanda yake cutuwa shi ne mai saye da ya biya kuɗin suna ya sami wani abu daban, kuma shi ya sa wuraren adana ire-ire na asali, irin su gandun Westonbirt a Ingila, suke da muhimmanci.

Cinikin kansa yana da haɗari. Wani ƙwaro mai dogayen ƙahoni da tsutsarsa take huda gindin bishiya daga ciki ya shiga Turai a jikin ƙananan momiji da aka shigo da su daga Sin, har Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da wannan dangi daga can na wani lokaci a 2010. A gabashin Amurka kuma momiji ta fara tsirowa da kanta a wasu dazuka, ana muhawara ko za ta takura wa tsirran gida.

A Japan damuwar ta yanayi ce. Hukumar kula da yanayi ta ƙasar tana rubuta ranar da ganyen kaede ya rine a garuruwa daban-daban tun daga 1953, kuma bayananta sun nuna ranar tana ƙara jinkiri da kusan kwana 3 a kowace shekara 10. Ga masu masauki da masu shaguna da suke dogara da baƙin kaka, wannan yana nufin lokacin ciniki yana matsawa zuwa Disamba, kuma hasashensa yana ƙara wuya.

Za ta rayu a ƙasar Hausa?

Kiyoto tana kan digiri 35 arewa da tsakiyar duniya, Kano kuwa tana kan 12. Momiji tana bukatar hunturu na gaske da zai sa ta barci na watanni, idan ba ta samu ba takan yi toho a rikice ta raunana shekara bayan shekara. Sanyin hunturun Kano na dare ne, da rana ta ɗaga ya wuce, kuma yana zuwa da busasshiyar iska wadda ita ce babbar abokiyar gabar siririn ganyenta. Bayansa kuma zafin Maris da Afrilu yake biyowa, mai kai wa digiri 40, alhali ko a ƙasashe masu sanyi ana ba da shawarar a dasa ta inda za ta sami hantsi ta tsira daga ranar la'asar. Tana son ƙasa mai laima wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta, mai ɗan tsami, domin ruwa idan ya kwanta saiwar takan ruɓe, kuma akwai wata cutar cikin ƙasa mai suna batisiliyam da take toshe hanyoyin ruwa a jikinta ta busar da reshe bayan reshe, ba ta da magani. Jos mai tudun kusan mita 1,200 da tsaunin Mambila sun fi sauƙin zafi, amma ko a can tsawon yini ba ya sauyawa sosai tsakanin watanni, don haka mai gwadawa kada ya sa ran jan da ya gani a hoto. Shigo da tsiro mai rai daga waje kuma yana bukatar izinin hukumar killace kayan gona ta Najeriya, saboda irin haɗarin ƙwarin da aka ambata.

Wanda siffar ganyen da launinsa suka burge shi yana da mafita a kusa. Masu lambu a wurare masu zafi, inda momiji ta gagara, sukan shuka Hibiscus acetosella a madadinta, tsiro ɗan asalin Afirka kuma ɗan uwan yakuwa da rama. Ganyensa ja ne mai duhu, a tsage gida uku zuwa biyar kamar na momiji, yana son rana da zafi, yana kai mita ɗaya zuwa biyu a damina guda, ana samunsa daga ƙwaya ko daga yankan reshe, kuma ɗanyen ganyen yana da ɗan tsami irin na yakuwa, har ana sa shi a abinci.